Daga Kano zuwa Jidda da azumi a baki

Da azumin 2022 Allah ya nufe ni da raka mahaifiyata Umara. Daga gidanmu da ke Fagge zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano ko minti ashirin ba mu yi ba, amma layin awon kaya da duba fasfo ya ci mana fiye da awa uku. Sai sha ɗaya da rabi na safe jirgi ya ɗaga.

Muna daidaita a sama Inna ta taɓo ni.

"Wai nisan nawa ne tsakaninmu da can?"

Na ce, "Inna, wajen kilomita 3,400 ne."

"Ni ban san kilomita ba. Faɗa min yadda zan gane."

Na ce ta ɗauka daga Kano zuwa Maiduguri ne, a jera shi kusan sau shida. Ta yi shiru, sannan ta ce ai ta Maidugurin mahaifinta, Malam, ya bi da zai je Makka. Da jaki ya fita, ya ratsa Chadi, ya shiga Sudan, ya tsaya a El-Fashir ya yi noman ƙodago har ya tara guzuri, daga nan ya gangara Sawakin ya hau jirgin ruwa. Shekara biyu ya yi kafin ya ga Ka'aba. Da zai tafi sai da ya nemi yafiyar kowa, ya raba abin da ya mallaka, don masu bin wannan hanya da yawa ba sa dawowa. Wasu a Sudan suka zauna, jikokinsu na can har gobe suna jin Hausa.

Taswirar da ke jikin kujera ta nuna muna bin kusan sawunsa. Na leƙa taga na ga rairayi ja iya ganin ido, babu gari, babu ko bishiya. Ƙirjina ya yi nauyi da na tuna mutum ya taka wannan da ƙafarsa. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 ma sai jirage suka koma kewaye sararin ƙasar, tafiyar ta ƙara tsawo.

Mu dai awa huɗu da minti arba'in muka yi. Muna tsallake Bahar Maliya talbiyya ta cika jirgin, muka sauka filin jirgin Sarki Abdul'aziz. Agogona na cewa huɗu da minti goma, na bango na cewa shida da minti goma, domin Saudiyya ta riga mu da awa biyu. Muna kan layin jami'an shige da fice aka kira magariba, wani bawan Allah ya miƙo mana dabino.

Inna ta riƙe nata ba ta kai baki ba.

"Anya rana ta faɗi? A Kano fa yanzu ake ɗora kunu."

"Ta faɗi, Inna. Da ranar inda kike ake shan ruwa."

Ta yi bismilla ta ci, sannan ta ce in ɗaga hannu mu yi wa Malam addu'a.