Rataye babbar talabijin a bangon da ba shi da ƙwari

Shafen siminti yana ruɗin ido. A tsoffin gidajen unguwanni irin su Birni da Zango, bangon da ka gani sumul da fenti sau da yawa laka ce a ciki, simintin fuskar bai wuce kaurin santimita 2 ba. A sababbin gidaje kuma, bangon da ya raba ɗaki da ɗaki siririn bulo ne mai rami, na santimita 10, wani ma yashi ya rinjayi siminti har yana marmashewa a yatsa. Robobin ƙusa da ake haɗowa da maratayin talabijin na bango mai tauri ne, a irin wannan ba sa riƙewa.

Fara huda ƙaramin rami ka dubi ƙurar da ta fito. In ja ce ko ƙasa-ƙasa, laka ce. In toka-toka ce, sannan bakin injin hudawa ya zurma kwatsam, ka shiga ramin bulo. Kada ka huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, nan waya ke bi.

Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne hannun maratayi. Talabijin mai inci 65 tana kai kilo 20. In ta lafe da bango, nauyinta ƙasa yake ja. In aka miƙo ta santimita 50 daga bango, farantin maratayin da ke jikin bangon kuma tsayinsa santimita 20 ne, ƙusoshin sama suna shan fizgar kusan kilo 50. Duk juyawar da yara suka yi mata, ramin na ƙara faɗi, gari na zubowa a gindin bango. Shi ya sa ban yarda da maratayi mai hannu a bango mai rauni ba, a sayi mai lafewa.

A bulo mai rami, kashe bugun injin, ka bar shi yana juyawa kawai, don bugu yana farfasa cikin bulon. Hanya mafi aminci ita ce a ratsa bangon gaba ɗaya da sandar ƙarfe mai zare, milimita 8 ko 10, guda huɗu. A ɗaya gefen a sa farantin ƙarfe mai faɗi da wosha da noti, bangon ya zama an matse shi tsakanin ƙarfe biyu. A ɗaure a hankali, da an ji tauri a tsaya. In bayan bangon ɗakin maƙwabci ne, sai magini ya fasa ramukan, ya cika su da kwaɓin awo ɗaya na siminti da uku na yashi, a ba shi mako guda kafin a huda.

Laka kuwa, kada a ɗora mata kaya ko kaɗan. Da damina tana shan danshi ta saki, katakon da aka binne a ciki kuma gara ce za ta ci shi. Mai walda ya haɗa ƙafafu biyu na bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 40, masu faɗin tafi, su tsaya a daɓe, maratayi ya hau kansu. Sandar da za ta ratsa bango daga sama aikinta hana kifewa ne kawai. Mai zaman haya ma wannan ta fi masa.

Kafin a ɗora talabijin, babban mutum ya kama maratayin ya ja ƙasa da ƙarfi. In ya motsa ko gari ya zubo, a sake aiki. Ƙusoshin bayan talabijin galibi M6 ne ko M8, wato masu kaurin milimita 6 ko 8, a auna zurfin raminsu, don doguwar ƙusa tana iya taɓa kayan ciki ta lalata su. Mutum biyu ke ɗagawa.