Yadda nake riƙe shagona na Tudun Wada ta cikin waya

Shagon yadi gare ni a Tudun Wada nan Kaduna, shadda da atamfa da leshi da ɗan yadin maza, ba wani babban shago ba ne amma gida biyu yake ciyarwa, nawa da na Hajiyarmu. Ƙarshen 2021 na samu aiki a wani kamfanin gine-gine a Abuja, na ce ai da sauƙi tunda ga jirgin ƙasa, Juma'a da yamma in hau a Kubwa in sauka Rigasa, Asabar in wuni a shago in ƙirga kaya in duba littafi, Lahadi in koma. Haka na yi ta yi har ranar 28 ga Maris 2022 da 'yan bindiga suka kai wa jirgin hari, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, aka tsayar da jirgi bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba. Titi kuwa kowa ya san halin da yake ciki a lokacin, Hajiya ta ce in na ci gaba da bin hanyar nan duk sati toh ba da yawunta ba. Kuma abin ya zo saura 'yan kwanaki a kama azumi, lokacin da mai sayar da yadi yake cinikin da zai riƙe shi wata da watanni.

Mutum biyu na bari a shago, ɗan yayata wanda shi ke riƙe da makulli, da wani yaro mai taya shi yanka da ninki. Abu na farko da na yi, wanda har yau in na tuna sai in ji kunya, shi ne kyamara. Na sa aka ɗaura min irin mai layin waya a cikinta da ɗan faifan sola a kan rufi don ko an ɗauke wuta tana aiki, na zauna a ofis ina kallon shago kamar mai kallon ƙwallo. Da na ga wani ya daɗe a kan benci sai in kira. "Waye wannan mai hular?" Ya ce "Kawu, telan nan ne fa na bayanmu, zare ya zo aro." In kashe, bayan minti goma in sake kira. Data tana ta ƙonewa, aikin ofis yana jirana, yara kuma sun takura har ba sa iya wasa da kwastoma, kuma duk wanda ya san kasuwar yadi ya san rabin cinikin raha ce. Abin da ban gane ba a lokacin, kyamara za ta nuna maka hannu yana yanka shadda, amma ba za ta gaya maka yadi biyar aka yanka ko biyar da rabi ba, ba za ta gaya maka nawa aka sallama ba, balle ko an biya ko bashi ne.

Bayan ƙaramar sallah na yi ƙundumbala na biyo mota na zo, muka yi lissafi, kuɗi ya ƙi haɗuwa da kaya, giɓin kuma ba ƙarami ba. Raina ya ɓaci na faɗi maganar da bai kamata ba. Da dare sai ga kiran Hajiya, ta ce "Ga makullinka nan an kawo min, ka zo ka ɗauka tunda ɓarawo ka ajiye a shago." Wallahi ban yi barcin kirki ba. Washegari na ɗauko littafi da wayata na zauna a ƙasan shago muna bi ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi yawancin ramin ni na haƙa shi da bakina. Abokina zai kira ni a Abuja ya ce a ba matarsa turmi biyu, in kira shago in ce a ba ta zan rubuta, ban taɓa rubutawa ba. Kuɗin cefanen gidan Hajiya daga durowa ake ɗauka da izinina, babu inda aka sa. Ga gyara, ɗan tafin hannun nan da ake ƙara wa mai saye a kan awo don ya ji daɗi, in ka tara na bandir guda sai ka ga yadi ɗaya ko biyu sun tafi. Na ba yaro haƙuri a gaban kakarsa, ya ce "Ba komai Kawu," amma sai da aka yi wata biyu kafin ya koma yi min hira kamar da.

Daga nan na fara da kuɗi. Na yi wa sunan shago rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na buɗe akawun da sunan, na karɓi na'urar POS a kansa, na raba shi da akawun ɗin albashina kwata-kwata. Duk abin da ya shiga ina ganinsa a wayata, su ma suna gani a na'ura. Tsabar kuɗi in ta taru da yamma a kai wa mai POS na bakin layi ya tura cikin akawun ɗin shago, kada ta kwana a durowa. Cefanen Hajiya ni ke tura shi duk Juma'a daga aljihuna. Doka ɗaya na kafa wadda ko ni ban isa in karya ba, ba a sallamar kaya da sikirinshot ko da saƙon tes, sai kuɗi ya bayyana a wajenmu. Wani ya taɓa zuwa da babbar riga da ƙamshin turare ya zaɓi shadda mai tsada ya nuna alat, yaron ya ce "Alhaji a yi haƙuri a zauna a sha ruwa kafin ya shigo," sai ya ce bari ya ɗauko abu a mota, har yau yana ɗaukowa. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023, lokacin canjin 200 da 500 da 1000, mutane suna kwana a layin banki, mu mun riga mun saba, kuma tun daga lokacin hatta tsofaffin kwastomominmu da ba sa yarda da tiransifa suka koya. A lissafi dai ka riƙa tuna cajin POS da ɗan harajin naira 50 da ake cira a kan tura kuɗin da ya kai 10,000, in ba haka ba za ka yi ta neman ɓarawon da babu shi.

Lissafin kaya ne ya fi ba ni wuya. Na zauna na tsara wani ƙaton jadawali a Google Sheets mai layuka kusan ashirin, ni a ganina na yi abin kirki, sati ɗaya suka watsar, don a ƙaramar waya kana neman gidan da za ka rubuta kwastoma uku suna tsaye a kanka. Sai na koma Google Forms, wato fom ɗin da ake cikewa a waya, tambaya biyar kacal: wane kaya, yadi nawa, nawa aka sayar, yaya aka biya, an yi gyara ko ba a yi ba. Da sun danna sai ya faɗa cikin jadawalin da kansa tare da rana da lokaci, ni kaɗai ke iya taɓa asalin. Kowane bandir da ya shigo muna manna masa takarda da lamba da yawan yadinsa, don haka in an ce lamba 37 saura yadi takwas, duk ranar da na zo zan ɗauki tef in auna. Littafin takarda dai ban yar da shi ba, kuma na gode Allah, don ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace sabis ya rikice a ƙasashen yammacin Afirka, cikin azumi ne, ciniki na tafiya, biro da littafi ne suka riƙe mu, daga baya aka shigar.

WhatsApp kuma wani darasi ne daban. Yaron farko da ya bar aiki ya tafi da kwastomomi da yawa ba tare da ya saci ko allura ba, lambarsa suke da ita kawai, shi suka sani. Sai na sayi layi da waya na shago, na sa WhatsApp Business, na haɗa shi da wayata tunda ana iya jona na'ura har huɗu a kan lamba ɗaya, ina ganin duk cinikin da ake yi ba sai na tambaya ba. Muna maƙala wa kowace hira alama, an biya, saura ciko, a kai tasha. Akwai wurin jera kaya da farashi amma gaskiya mu sitatus ya fi kawo mana kuɗi, a ɗauki atamfa a hasken rana da hantsi a ɗora, kafin azahar mata sun fara tambaya. Ka kunna lambar sirri ta biyu, kuma ka ja wa yaranka kunne kada su karanta wa kowa lamba shidan nan da ake turowa ta tes ko da ya ce shi ne kai, maƙwabcinmu ta haka aka ƙwace nasa aka yi ta roƙon kwastomominsa kuɗi da sunansa.

Amma abin da ya sa na fara samun barci ba manhaja ba ce, iyaka ce da na yanka wa kowa. Na zauna da ɗan yayata muka rubuta farashin ƙarshe na kowane kaya, tsakanin kuɗin da ake yi wa mai saye da wannan farashin shi ke da wuƙa da nama, ba sai ya kira ni ba. Bashi hanji ne yana cikin kowa, ba za ka hana shi a kasuwa ba, sai muka ware teloli shida da muka daɗe da su, kowa da iya abin da zai ɗauka, in bai biya na baya ba babu sabo. Wanda ba ya cikinsu, ko abokina ne, sai na tura kuɗin daga aljihuna sannan a ba shi, abin mamaki tun daga nan kirkina ya ragu sosai. Na kuma sa masa kaso a cikin ribar wata ban da albashi, ranar da na gaya masa sai da ya sake tambayata ko da gaske nake. Bayan magariba in sun rufe, hoto uku suke turowa a guruf ɗinmu, shafin littafi, takardar jimillar POS, kuɗin da ya rage a durowa, da saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, me ya ƙare, me aka nema babu. Minti goma ya ishe ni in duba.

Sari daga Kantin Kwari a Kano nake yi, shi ma ta waya. Bidiyo maƙaryaci ne a kan kala, mun taɓa sayen abin da na gani ruwan toka ya iso yana ɗaukar shuɗi, sai da muka karya shi kafin ya fita. Yanzu dilana yana da ƙyallayen samfur masu lamba irin na shago, lamba nake faɗa masa. In ya ɗora a mota sai ya turo hoton ɗaurin kayan da lambar direba, yaro ya je tashar Kawo ya karɓa, ya buɗe ya ƙirga a gaban waya kafin ya jera.

Abin da waya ta kasa yi min shi ne zuwa. Matar wani tela da muke hulɗa shekara da shekaru ta rasu, na tura saƙon murya na ta'aziyya, da na zo gari na gane a fuskarsa cewa bai wadatar ba, sai da na taka har gidansa a Rigasa. Yanzu sau ɗaya a wata nake zuwa, ba na faɗin rana, ba don ina zargin kowa ba, sun san da hakan tun farko, mu rufe ƙofa bayan la'asar mu auna bandir goma da na zaɓa, sannan in zaga layin teloli mu gaisa. Kyamarar tana nan, na sa an juya ta tana kallon ƙofa saboda dare. Rabona da buɗe ta tun wani ruwan sama da aka yi cikin Agusta da tsakar dare, na leƙa in ga ko kwata ta cika ta shigo mana, na ga ɗan yayata ya riga ni, yana tsaye a bakin shago da tocila ya naɗe ƙafar wando yana jera buhunan yashi.