Daga Kigali zuwa Damagaram: maganar bikin autarmu

Assalamu alaikum iyayena da 'yan uwana na Damagaram. Ina gaida mutanen Birni da Zango da Sabon Gari, da fatan damina ta yi albarka, gero ya nuna lafiya. Daga Kigali nake rubuto muku, babban birnin Ruwanda, inda aiki ya kawo ni yau shekara huɗu. Dalilin takardar nan bikin ƙanwata ne, autarmu, da aka sa bayan kaka. Tun rasuwar Baba nauyin gidan ya dawo kaina ni da Inna, kuma mun tsai da shawara cewa ɗan ƙaramin biki za mu yi, wanda in an watse ba za a bar wa unguwa tulin shara ba. Maganar ta riga ta zaga dangi. Wasu sun ce rowa ce, wasu sun ce na kwaso ɗabi'ar Turawa. Shi ya sa na ga gara ku ji daga bakina.

Ranar da na fara sauka a filin jirgin Kigali, wata ma'aikaciya ta nuna ledar da Inna ta ƙulle mini alkaki a ciki, ta ce alkakin ya wuce amma ledar nan za ta tsaya. Sai a ɗankwali na juye shi. Tun 2008 suka hana leda a ƙasar nan, kuma kowace Asabar ta ƙarshen wata mutanen unguwa ke fitowa aikin gayya da suke kira Umuganda, a share titi a yashe lambatu. Baƙar fata ne kamarmu, manoma ne kamarmu. Mu ma a Nijar an kafa dokar hana leda tun 2014, amma duk wanda ya bi ta bakin kasuwar Dole ya ga baƙar leda maƙale a ƙaya ya san dokar ba ta iso ƙasa ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa a lungunmu na gan shi. Zuwana gida na ƙarshe an yi wani babban biki, kwana uku ana shagali, rumfa ta toshe hanya. Washegari da asuba na fito, tun daga ƙofar gida har bakin masallaci ba inda za ka sa ƙafa ba ka taka ledar fiya wata ko farantin roba mai maiƙo ba. Yara suka share, suka tara a gindin katanga suka cinna wuta, hayaƙin ya wuni yana shiga ɗakin Inna mai fama da tari. Bayan 'yan makonni akuyar wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta daina cin abinci, tana ta ramewa. Da aka yanka ta, mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta kamar ƙullin tsumma. Akuyar nan ita ce asusun tsohuwar, da ita take sa ran sayen hatsi in bazara ta yi tsanani. Masu bikin mutanen kirki ne, ba su yi da nufi ba, haka kowa ke yi. Amma ni ba na so farin cikin ƙanwata ya zama asarar wata.

Ruwan sha shi ne babban abu, kuma na san Damagaram ba garin da ake wasa da ruwa ba ne. Wanda ya taɓa bin ɗan ga-ruwa da jarka a watan Afrilu ba sai an gaya masa ba. Shi ya sa ma muka zaɓi bayan kaka, lokacin da sanyi ya fara shigowa, hatsi ya yi sauƙi. Za mu jera randuna huɗu a inuwa, a lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu kamar yadda kakarmu ke yi, kowace da murfinta, da yarinya ɗaya mai ɗiba da moɗa mai dogon hannu don kada kowa ya tsoma kofinsa. Gwaggo ta tambaye ni a waya: "To 'yar nan, ruwan wanke kwanonin fa, daga Kigali za ki aiko da shi?" Tambayar tana kan hanya. Na ce mata baho uku za a ajiye, na farko da toka da sabulu, biyu na ɗauraya, ruwan ɗaurayar kuma a zuba a gindin itace. Ga mutum sittin wannan abu ne mai yiwuwa. Ga mutum ɗari biyar ba ya yiwuwa, kuma nan ne ƙanƙantar bikin ta shigo.

Ɗaurin aure a masallaci ne, duk wanda ya ji ya zo, goro da dabino a faifai za a zaga da su. Walimar gida ce muka taƙaita ga dangi na kusa da maƙwabta da ƙawayen amarya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman ɗan Aufu ya yi walima ko da da akuya ɗaya ce. Rago ɗaya za mu yanka. Tuwon gero da miyar kuɓewa, dambu da zogale, fura da nono a ƙwarya, kayan miya daga lambunan Mirriya. A babban tire za a ci, mutum biyar-biyar, yadda muka tashi muka gani. Girki kuma da gas, tunda matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 tana nan kusa da mu, kuma kowace amalanken itace da ta shigo gari wani daji ne ya ragu. Abin da ya rage na abinci, almajiran unguwa da kwanoninsu suke zuwa.

Anko ne muka fi daɗewa muna ja da amarya. Tana so, kuma na fahimce ta, sau ɗaya ake aurar fari. Amma na tuna mata ƙawayenta biyu da ba za su iya sayen turmi ba sai da bashi, kayan da daga ranar nan sai ƙasan akwati. Ta yi shiru, daga baya ta turo mini saƙo cewa kowa ta sa shuɗin da take da shi. Katin gayyata ba za mu buga ba, WhatsApp ya isa, dattawa kuma Kawu zai taka ya gaya musu, wanda ya fi kati daraja. Mota biyu za su kai amarya. Tukuicin da za a ba ƙawaye 'yan jakunkunan fata ne na dukawan garinmu, da turaren wuta a ciki.

Kuɗin da muka rage daga hayar rumfa da kujeru da makaɗa, keken ɗinki za a saya mata da shi, sana'ar da ta koya. Na kuma roƙi angon abu guda, ya amince: ranar da ta tare za su dasa zogale da lemun tsami a tsakar gida, daidai inda ake alwala, don ruwan ya riƙa gangara musu har damina ta faɗi.

Iyayena mata na unguwa, ina neman aron manyan tire da kofunan silba da tabarmi, duk mai da su ta sanar da Inna, za a rubuta sunan kowa a dawo mata da kayanta a wanke. Randa biyu muke da su, saura biyu. Ina tafe mako ɗaya kafin ɗaurin auren in Allah ya yarda, kuma a wannan karo tsarabar a jakar takarda take.

Ku sa su a addu'a, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Taku,
'yar Damagaram da ke Kigali