Abin da darasin Wahayin Yahaya ya koya mini

Yanzu da na ajiye aikin koyarwa a makarantar horar da masu bishara, ina so in rubuta wa waɗanda za su gaje ni abin da na gani, musamman game da darasin Daniyel da Wahayin Yahaya, domin babu darasin da na ƙaunata kamarsa, babu kuma wanda ya jawo mini baƙin jini kamarsa.

Shugaban sashenmu ya gaji wani jadawalin da ke jera zamanai har zuwa ƙarshen duniya daga malamansa, kuma ya nace sai in koyar da shi yadda yake, har da cewa ƙahoni goma na dabbar nan da Yahaya ya gani a wahayinsa ƙasashen Tarayyar Turai ne. Na ce masa cikin ladabi: "Baba Rabaran, ƙungiyar ta cika ƙasashe goma a 1981 da shigar Girka, amma a 1986 ta zama goma sha biyu, yau kuma ashirin da bakwai ce. Me zan faɗa wa ɗalibin da ya iya lissafi?" Bai amsa mini ba. A zaman kwamiti na gaba sai ya shaida wa dattawa cewa ban gaskata da annabci ba, aka karɓe darasin daga hannuna ba tare da an kira ni an ji ta bakina ba. Wannan zargi ya fi karɓe darasin yi mini ciwo, domin na gaskata Almasihu zai dawo, na gaskata kuma kowane mai mulkin da ya ɗaga kansa gāba da Allah zai tsaya gaban shari'a.

Abin da nake koyarwa kawai shi ne a fara da mutanen da aka rubuta wa littafin. Yahaya yana tsibirin Batmusa lokacin da ya aika wa ikilisiyoyi bakwai na Asiya, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin Roma. A Birgamas an gina haikali domin girmama Kaisar Augustas, a can ne kuma aka kashe Antifas saboda shaidarsa. Mai bi na wancan zamani da ya ji an ce mace tana zaune a kan tuddai bakwai ba ya bukatar a gaya masa cewa birnin Roma ake nufi. Halin dabbar shi ne neman sujadar da ta Allah ce kaɗai, irin wadda Nebukadnezzar ya nema a gaban gunkin zinariya, Shadrak da Meshak da Abed-nego suka ƙi. Shi ya sa sura ta 13 ta Wahayi take kiran tsarkaka ga jimiri da bangaskiya. Duk ɗalibin da ya riƙe wannan zai gane halin a kowace gwamnati, zai kuma iya haɗa shi da Romawa 13, inda aka ce a yi biyayya ga mahukunta, ba tare da ruɗewa ba.

Saka sunaye da ranaku kuwa ya sha jefa masu bi cikin kunya. Mabiyan William Miller a Amurka sun jira dawowar Ubangiji ran 22 ga Oktoba 1844, gari ya waye suna cikin baƙin ciki. Mu ma a nan, lokacin korona, na zauna da iyaye mata da suka tsorata da allurar rigakafi saboda an ce musu alamar dabba ce, alhali ba wanda ya nemi su yi musun Almasihu kafin a yi musu ita.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ka gyara babba a gaban ɗalibai, ko da hujjarka ta fi tasa. Ka roƙi a rubuta maka duk zargin da aka yi maka. Ka karanta Matiyu 24:36, inda Yesu ya ce ba wanda ya san ranar nan ko sa'ar sai Uba kaɗai, da ajinka tun ranar farko.

Jadawalin yana nan a bangon ajin har yau, kuma ba a taɓa janye zargin ba. Sai dai waɗansu daga cikin ɗaliban da na koyar, waɗanda yanzu ke riƙe da ikilisiyoyi a ƙauyuka, suna zuwa gidana su ari takardun darasin idan za su yi wa'azi daga Wahayi, ni kuwa ina ba su da farin ciki.