Yadda ake karanta shafin Talmud

Duk ɗalibin da ya zauna a zauren malam a Gwandu ko Birnin Kebbi ya buɗe littafi mai matani a tsakiya da sharhi a gefe, to tsarin Talmud, babban littafin shari'ar Yahudawa, ba zai zame masa baƙo ba.

Matanin shi ne Mishna, wanda Rabbi Yahuda HaNasi ya tattara wajen shekara ta 200 miladiyya da harshen Ibrananci: kashi 6, littattafai 63. A ƙarƙashin kowace gaɓa sai Gemara ta biyo, wato muhawarar malaman Babila (Iraƙi ta yau), akasari da Aramiyanci. Ba duk littattafan ne ke da ita ba, 37 ne kawai. Gefen da ke wajen ɗinkin littafi na sharhin Rashi ne, malamin garin Troyes a Faransa da ya rasu a 1105. Gefen waje kuma na Tosafot ne, wato sharhin jikokinsa da almajiransu, waɗanda ba sa jin nauyin yi masa gyara.

Lambar shafi na rikita mutane. Warƙa ake ƙidayawa, mai fuska biyu, a da b, kuma kusan kowane littafi daga warƙa ta 2 yake farawa. Berakot ne littafi na farko, saboda haka "Berakot 2a" shi ne farkon Talmud ɗungurungum. Lambobin nan sun zauna tun bugun Daniel Bomberg a Venis, 1520 zuwa 1523. Warƙoƙi 2,711 ne. Mai karanta ɗaya a rana sai ya yi kusan shekara bakwai da rabi kafin ya sauke.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne tsinto jimla ɗaya daga Gemara a ce "ga hukuncin Yahudawa". Sau da yawa ƙauli ne da aka kawo don a rushe shi bayan layi biyar, wata mas'alar ma a bar ta ba a yanke ba. Mai neman hukunci sai ya nufi Mishne Tora na Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, juzu'i 14, hukunci zalla ba tare da kawo muhawara ba. Shi ne ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci a haruffan Ibrananci, ajaminsu ke nan. Bayansa sai Shulhan Aruk na Yusuf Karo, bugun 1565. Shi ma a duba da kyau: Yahudawan Turai suna bin ta'aliƙin Musa Isserles na Krakow da ake sakawa tsakanin layukan da wani salon rubutu daban, kuma yakan saɓa wa Karo a mas'ala guda.