Targaɗen da ya bi ni shekara bakwai

Da damina ne, bayan sallar isha'i, na taka bakin kwata a lungunmu na Ƙofar Ƙaura, ƙafar dama ta lanƙwashe ciki. Kafin asuba idon sawun ya kumbura suntum. Aka kai ni wurin mai ɗori, ya ja, ya murza, ya ɗaure, ya ce targaɗe ne, nan da mako zan taka. Na taka ɗin kuwa, amma ƙafar ba ta koma daidai ba.

Ni tela ne. In babu wuta keken ƙafa nake takawa, kuma duk lokacin ɗinkin Sallah sai idon sawun ya ɗauki zafi kamar an kara masa garwashi. A zaman tahiya ba na iya kafa ƙafar. Abin da ya fi damuna shi ne gurɗewa: ɗan dutse kaɗan, sai in ji ta tafi.

Da na gaji na je asibiti. Hoton ƙashi ya fito lafiya lau. Likita ya riƙe ƙwaurina da hannu ɗaya, ya jawo diddigen gaba da ɗayan, na ji gaɓar ta zame. Ya ce jijiyoyi uku ne ke riƙe idon sawu ta waje, ta gaban ce ta fi yawan yagewa, kuma hoton ƙashi ba ya nuna su. Tawa ta warke ne a sake.

Ni tiyata nake so, a yi ta ta ƙare. Yayana ma ya ce mu wuce asibitin ƙashi na Dala a Kano. Likitan ya yi mini bayanin aikin: ana tsuke jijiyar a ɗinke, hanyar da wani likitan ƙasar Suwidin, Broström, ya bayyana tun 1966. Bayan nan kusan mako shida ƙafa na cikin filasta ko takalmin asibiti. Sai ya ƙara da cewa, "Malam, ko an yi aikin, sai ka bi ta wurin masu gashin ƙashi. Fara ba su wata uku mu gani."

Na zaci ruwan zafi da tausa za a yi mini. Ashe aiki ne ja. Ranar farko mai gashin ya ce in tsaya da ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30. Ko biyar ban kai ba na dafa bango, kunya ta kama ni. Ya ce ba rauni kaɗai ba ne, gaɓar ta daina gaya wa ƙwaƙwalwa yadda take a ƙasa, shi ya sa take gurɗewa kafin in ankara. Ya ba ni roba in riƙa ture ta da gefen ƙafa, da ɗagawa a kan yatsu, daga baya tsayuwar nan ido a rufe.

Wata na farko ban ga komai ba, har na kusa dainawa. A nan nake ganin da yawa ke yanke ƙauna su ce gashi ba ya aiki. A wata na uku na taka dutse a hanyar kasuwa, ƙafar ta fara tafiya, sai ta dawo da kanta.

Ba a yi tiyatar ba. Likitan ya ce in ta koma gurɗewa in dawo, kuma zan koma. Da hunturu tana ɗan yi mini tsami da asuba. Har yanzu in ina guga a shago da ƙafa ɗaya nake tsayawa, yaran shagon ma sun daina tambaya.