Darussan da na koya a sashen masu neman haihuwa

Wannan makon nake barin sashen, kuma duk wanda ya yi aiki da mu ya san dokar Oga: mace ta zo neman haihuwa, a ɗebi jininta a rana ta 21 daga fara al'adarta a auna furojestaron, sinadarin da ke ƙaruwa a jini bayan ƙwai ya fita. In ya yi ƙasa, a rubuta ba ta fitar da ƙwai, a ɗora ta kan kulomifen, maganin sa ƙwai ya fita. Shi ke nan.

To rana ta 21 ɗin nan ba wahayi ba ce. Lissafin mai al'adar kwana 28 ne, wadda ƙwanta ke fita wajen rana ta 14, sinadarin ya kai ƙololuwa bayan mako guda. Asalin ƙa'idar, a auna saura kwana bakwai jini ya zo. Wata baiwar Allah tata al'adar kwana 35 ce, ba ta saɓawa. A rana ta 21 ƙwanta ma bai gama shirin fita ba, ina sakamako zai yi kyau? Na ce, "Ranka ya daɗe, da an sake aunawa a rana ta 28." A gabanta, a gaban ɗalibai, ya tambaye ni ko ni na koyar da shi likitanci.

Wata da watanni tana shan maganin da ba ta buƙata, tana kuka tana ganin laifin jikinta. Sai da Oga ya tafi hutu aka sake gwajin a ranar da ta dace: ƙwai na fita lafiya lau. Aka auna maniyyin mijin, wanda ba a taɓa ko ambatonsa ba, nan matsalar take. Da Oga ya dawo, shi ya gabatar da labarin a taron sashe a matsayin basirarsa. Ban ce uffan ba, amma ban manta ba.

Sauran a taƙaice, ga mai maye gurbina. Kafin ki rubuta gwaji, tambayi mace kwana nawa al'adarta ke yi. Mafi yawan masu rashin fitar ƙwai na gaske PCOS ce ke damunsu, wato rikicewar sinadaran jiki da ke hana ƙwai fita a kai a kai, kuma tun 2018 ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta sa maganin letirozol gaba da kulomifen, ko da Oga bai ji ba. Mai ruwan nono ba shayarwa, a duba furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, da tayirod, glandar da ke wuya. Kuma duk shawarar da kika bayar, ki rubuta ta a fayil, da kwanan wata da sa hannunki.